Murfi

Tun kafin hantsi ruwa ya ƙi tafiya.
Sau uku Baba yana danna mariƙi,
sau uku ruwan na tasowa daf da baki
ya tsaya yana kallonsa kamar mai bin bashi.

Da kuɗin sallama ya gina masan nan,
ladan shekara talatin da biyar na shaƙar alli.
Shi ya sa aka cike tsohuwar salga
aka dasa gwanda a kanta.
Duk Ƙofar Baru sai da aka ji labarin tayil.
Yau ga gwanda ta yi 'ya'ya,
mu kuwa ba wurin tsuguno.

Ya jera mu a tsakar gida, tsohon hedimasta,
hannu a baya, gilashi a karan hanci.
"Wa ya jefa? Mi aka jefa?"
Ukasha ya rantse har da kuka,
amma wanda ya taɓa jefa cokali a rijiya
wa zai saurari rantsuwarsa?
Nasiba ta ce ita har yanzu a fo take yi.
Inna na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Da salga ce, da ta haɗiye ta yi shiru."

Sagir mai famfo ya ce dubu takwas,
kuma sai bayan La'asar.
Baba ya kashe waya.
"Dubu takwas? A kan abin da muka ci da kuɗinmu?"

Aka dafa ruwa a tukunyar tuwo, aka sheƙa.
Aka zuba garin sabulu, kumfa ta hau ta sauka.
Aka aike ni gidan Malam Hambali
aron sandar nan mai baƙar roba a baki,
na dawo da ita a ƙarƙashin hijabi
kamar na sato kaza.
Baba ya danna, ya ja, ya danna, ya ja,
masai na gyatsa, ba ya amai.
Ya miƙar da wayar rataye riga ya zura,
ta tafi kamu biyu, ta ci karo, ta lanƙwashe.

"Mu mutanen Daura," in ji shi yana haki,
"ba yau aka fara hana mu ruwa daga cikin rami ba."

Sai ya tuɓe babbar riga.
Ban taɓa ganin kafaɗunsa ba sai ran nan,
'yan ƙanana, da furfura a tsakani.
Leda uku ya sa wa hannu, ya ɗaure da kyauron roba.
"Murja, haska mani."
Na riƙe tocila, na riƙe numfashi.
Mutumin da ake sauka daga keke a gaishe shi
ya durƙusa, kunci a jikin tayil,
ido rufe, yana lalube
kamar ungozoma.

Can wani abu ya ce ɓuƙ.
Ruwa ya juya, ya yi guɗa, ya wuce.

Ya buɗe tafi a cikin haskena:
shuɗin murfi, da ɗan tsagu a gefe.
Na san shi.
Duk gidan nan buta ɗaya ce shuɗiya,
kuma ba wanda ya isa ya taɓa ta.

Ya dunƙule hannu.
Daga waje Inna ta ce, "To, mi ya toshe?"
"Tsumma," in ji Baba.
Ya dube ni.
Na kashe tocila.

Da Azahar ya yi alwala, bakin buta a buɗe,
ƙuda na sauka yana kora.
Ya kira Ukasha ya ba shi ɗari biyu
bai ce ta mece ce ba.
Inna ta yanka gwanda, ta miƙa masa babban ɓari,
ta ce a kasuwa akwai mai sayar da murfi zalla,
wai ta ji an faɗa.